Ɓarawon Kunya

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, Baba dai ya riga mu isa. Ya cika da hantsi, a tsakiyar zafin bazara, yana kwance a kan tabarmarsa ta zaure, rediyo na ta surutu a gefen kunnensa. Kafin azahar layinmu na Dogo Nini ya toshe. Masu keke napep tun daga bakin titi suke sauke mutane su juya, don babu wurin wucewa. Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ina cikin gida tare da mata, amma tagar ɗakin Inna tana kallon rumfar da aka kafa wa maza, saboda haka abin da ban gani ba na ji shi.

Kowa da irin kukansa. Fulani sun zo daga kara, kasuwar shanu, da sandunansu, suka jingine su a bango, suka zauna ba su ce uffan ba har la'asar. Wani tsohon ɗan kasuwa Babarbare ya riƙa girgiza kai yana cewa, da Hausarsa, "Katanga ya faɗi, yanzu kowa zai leƙa mu." Mama mai kanti, Kirista 'yar kudu da ta fi shekarun aurena a unguwar, ta shigo da ɗankwali a kai, ta zube a ƙasa kusa da Inna tana kuka ba ɓoyewa. Da ta sami numfashi sai ta ce, "Inna, wa zan ba makulli yanzu?" Matan da ba su san labarin ba suka kalli juna.

Mutum ɗaya ne ya ɓata zaman. Baffa, taubashin Baba kuma maƙwabcinsa na gona, ya dogara sanda ya zo bayan an dawo daga maƙabarta, ya zauna can ƙarshen tabarma. Liman ya yi addu'a, aka shafa, wuri ya yi tsit. Sai muryarsa ta fito sarai, har cikin ɗakin Inna.

"To. Ɓarawon kunya ya tafi."

Ƙanena ya zabura, dattawa suka riƙe masa riga. Wani ya ce, "Ƙyale shi, taubashi ne, wasa yake yi." Amma kowa a rumfar ya san wasan da ke tsakanin mutanen nan biyu ya mutu tun kafin a haifi ƙanen nawa. Ni kam zuciyata ta tafasa. Na ce wa Inna ko kare ya san gidan mutuwa. Inna tana cikin takaba, kanta a sunkuye. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ku kai masa ruwa, daga nesa ya tako."

Ranar sadakar uku aka yi abin da ya zaunar da ni rubuta wannan. An daka gumba tun da safe, an cika kwanuka an fitar wa maza, an raba wa maƙwabta, yara sun wawashe nasu. Ta yi daɗi ƙwarai, har ana tambayar wa ya daka. Inna na riƙe da dunƙule ɗaya a hannu, ba ta kai baki ba tukuna, sai ta lura da matar ƙanena a bakin ƙofa tana ta susar hannuwa har sun yi ja.

"Ke kuma me ya same ki, 'yar nan?"

"Wallahi Inna geron nan ne. Gashi gare shi kamar bushiya. Tun da muka yi sussuka nake susa."

"Wane geron?"

"Na ɗakin Baba, wanda ke rataye a sama cikin tabarma. Goggo ta ce na buhu ya ƙare a kunun baƙi, in duba ɗakinsa. Na ga ya fi kowane gero kyau, na ce ai da shi ya kamata a yi masa sadaka."

Inna ta dubi gumbar da ke hannunta. Ta daɗe tana dubanta.

"Duka?"

"Duka, Inna. Dami biyu ne."

Goggo, ƙanwar Baba, ta ɗora hannu a ka. "Ni ƙasa na ce ki duba, ban ce ki duba sama ba." Yarinyar ta riƙa kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san me ta yi ba. A birnin Kano ta tashi, geron da ta sani shi ne na cikin mudu. Ina za ta san cewa zangarniyar da aka zaɓa ɗaya ɗaya, aka barbaɗe da toka, aka naɗe aka rataye nesa da ɓera, ba abinci ba ce? Da aka gaya mata iri ne, ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ban kuma ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Na ruga bayan gida inda suka yi sussukar, na durƙusa ina tona ƙasa da yatsu. Kaji sun riga ni. Irin da Baba ya yi rayuwarsa yana tsaro, jama'ar Potiskum sun cinye shi da hantsi ɗaya suna yi masa addu'a, ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Gargasa ake ce wa geron, saboda gashin da ke jikin zangarniyarsa. Kakarmu ce ta zo da shi daga ƙauyensu cikin kayan aurenta. Yana da wani suna a yarensu na Karai-karai, wanda Baba ke faɗa in ransa ya yi fari, mu kuwa da muka tashi da Hausa a baki ba mu taɓa iya furta shi daidai ba. Ba ya saurin nuna, sussukarsa kuma azaba ce, duk matan gidanmu sun tsine masa a ɓoye. Amma shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hayaƙi suka share gonakin mutane, gonar Baba tana tsaye, don tsuntsu ba ya son gashi a ido. In ruwa ya yi tsaiko, sauran gero ya kwanta, gargasa ta naɗe ganye ta jira. Baba yakan ce, "Wannan halin uwata gare shi, ba ya fara'a, ba ya kuma gudu."

Ba ya sayar da iri. Duk wanda ya zo nema, sai ya sa shi ya zauna, ya yi masa tambayoyi kamar mai neman aure: ina gonar, wace irin ƙasa, wa zai yi noman. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da zangarniya biyu ko uku. In mutum ya fara godiya sai ya katse shi. "Ba nawa ba ne, ajiya ce. Ka ci 'ya'yan, ka bar uwar."

Baba ba shi da rawani, ba shi da ofis, bai yi boko ba sai yaƙi da jahilci da ya leƙa yana magidanci. Shekarunsa ma gardama ce. Goggo ta ce ya haura casa'in, shi kuwa yakan ce tun da ba sayar da shi za a yi ba, bai ga amfanin ƙirgawa ba. Duk da haka babu abin da ke motsi a unguwar nan bai bi ta zaurenmu ba. In burtsatse ya lalace, shi ne zai sa hularsa mai dauɗa ya je sakatariya ya zauna a benci, ba faɗa ba roƙo, gobe ya koma, jibi ya koma, har ma'aikata su gaji da ganin fuskarsa su turo mai gyara. Kafin damina shi ke fitar da samari yashe kwata, kuma shi ke fara shiga cikin laka. In an yi mutuwa, kafin masu gida su share hawaye ya riga ya tura masu haƙa. Ya daɗe yana shugabantar kwamitin unguwa, ba don ya nema ba, sai don duk ranar zaɓe kowa na tsoron ya ɗaga wa wani hannu a gabansa.

Amma aikin da aka fi saninsa da shi shi ne raba iyakar gona. In mutum biyu suka zo suna huci, ba ya sauraron kowa sai an kawo tuwo. "A ci tukuna," in ji shi, "mai yunwa ba ya jin gaskiya." In an wanke hannu sai ya tura tsohon kekensa su tafi. A gonar yakan cire takalmi ya bi iyakar da ƙafa, yana neman saiwar gamba, ciyawar da magabata ke dasawa tsakanin gona da gona. Ko an ƙone ta, ko an sare, saiwar na nan a ƙasa. Sai ka ga ya tsaya, ya caka fartanya, ya ɗago ta ya nuna. "Iyaka ba ta tafiya, mutum ne ke da ƙafa." Manomi da makiyayi ma haka yake yi musu, kuma ba ya jin nauyin ce wa ɗan'uwansa manomi shi ne ya cinye burtalin shanu. Wannan ne ya kawo Fulanin nan rumfarmu.

Kada wanda bai san shi ba ya zaci mutum ne mai sanyi. Bakin Baba reza ne. Bai iya ba da haƙuri ba, ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakinsa ba, ko ga Inna. In ya ɓata mata rai, gobe sai ta ga an kawo kifi busasshe daga kasuwa, shi ke nan an shirya. Mu 'ya'yansa mun fi saninsa da tsawa fiye da dariya. Da haƙoransa suka zube, ya koma goge goro a jikin murfin gwangwani da ya huda da ƙusa, in jika ya taɓa murfin nan sai unguwa ta ji.

Shekarun da garin nan ya ga tashin hankali, ba sai na tuna wa ɗan Potiskum ba. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, mutane suka riƙa loda kaya a manyan motoci suna barin gari. A lokacin ne Mama mai kanti ta zo da sassafe ta miƙa wa Baba makullan kantinta da na gidanta, ta ce in ba ta dawo ba ya yi yadda ya ga dama. Baba ya ɗauke tabarmarsa daga zaurenmu ya mayar da ita ƙofar kantin. Nan yake wuni da rediyonsa, a gaban ƙofar da ke kulle. An zo an ce ya ba da haya, an zo an ce masu shi ba za su dawo ba, amsarsa ɗaya ce: "Mai shi tana hanya." Ta yi shekaru a hanyar. Ranar da ta dawo ta buɗe, ta tarar da komai inda ta bar shi, har madarar gwangwani da ta kumbura a kan kanta.

A cikin shekarun nan ne kuma yayanmu ya fita kasuwa da safe, bai dawo da ƙafarsa ba. Shi kaɗai ne a cikinmu ya gaji hannun Baba a noma, shi ne ya san yadda ake zaɓar zangarniyar iri tun tana tsaye. Baba da kansa ya yi masa wanka. Bai yi kuka a gabanmu ba, sai dai daga ranar bai ƙara kiran sunansa ba, "wancan yaron" yake cewa. Daminar da ta biyo, aka hana shuka mai tsayi a gonakin bakin hanya, sai wake da gyaɗa. Baba ya dawo gida ya cire igiyar shanyar Inna, ya sare tsakar gidanmu kaf, ya shuka gargasa daga bakin rijiya har ƙofar banɗaki. Muka yi damina muna ratsa kara in za mu ɗora tukunya, sauro ya cinye mu. Inna ta yi mita, ya ce, "Na binne ɗaya a bana, ba zan binne biyu ba."

Shi ya sa ranar sadakar uku Inna ta kasa cin gumbar nan, ta kuma kasa ajiye ta.

Maganar Baffa kuwa tsohuwa ce. Mahaifiyarsa da mahaifin Baba ciki ɗaya suka fito, tare suka yi ƙuruciya, gonakinsu a hanyar Ngojin gamba ce kawai ta raba su. An ce a da in suka haɗu a biki sai an riƙe ciki don dariya, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce shi ya saye shi da ƙwarya ɗaya ta dusa. Sai aka yi shekarar fari, ina yarinya mai ɗaukar ƙaramin tulu. Rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. Baffa ya rasa iri, Baba ya ba shi dami guda cur, abin da bai taɓa ba kowa ba. Ruwa ya yi jinkiri, yara na kuka, Baffa ya sauke damin ya ba matarsa ta daka.

Da ruwa ya sauka kowa ya fita shuka, gonar Baffa na kwance. Baba ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce masa wanda ya ci iri ya ci jikokinsa. Ya ƙara da rantsuwa: "Wallahi hannuna ba zai sake miƙa maka iri ba." Abin da Baba bai sani ba, ko ya sani fushi ya rufe masa ido, shi ne ƙaramar 'yar Baffa tana kwance a lokacin. Kafin gero ya yi bununi aka binne ta. Ina son Baba, amma wannan magana ba ta da kyau, kuma bai taɓa janye ta ba.

Da damina ta zagayo, sai aka wayi gari Baba ya tsallaka gamba ya shuka kunya ɗaya a cikin gonar Baffa. Baffa ya zo ya yi ta ihu yana kiransa ɓarawo, aka tara dattawa, aka ga gamba ƙiri-ƙiri, aka yanke cewa kunyar ta Baffa ce da duk abin da ya tsiro a kanta. Baba ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Wata shekara ya sake. Wata shekarar ma haka. Abin ya zama kamar kukan kwaɗi, in an yi ruwan shuka mutane sai su ce saura rigimar kunya. 'Yan unguwa suka sami abin tsokana: Baba ba shi da kunya, shi ya sa yake satar ta wani. A makaranta an sha jefa mini wannan maganar, na sha yin dambe a kanta.

Ita ce ma ta raba shi da kujerarsa. A wani taron zaɓen kwamiti, a ajin firamare, wani saurayi ya miƙe ya ce wanda bai gane iyakar gonarsa ba ta yaya zai gane ta wasu. Kowa ya jira tsawa. Baba ya gyara hularsa ya ce, "Yaron nan ya faɗi gaskiya," ya fita. Bai koma kujerar ba, ko da yake masu rigima ba su daina zuwa cin tuwonmu ba. Ni da kaina na taɓa tambayarsa, bayan na yi aure na ga na isa.

"Baba, don Allah me kake nema da kunya ɗaya? Ga gonarka har ba ka iya nome ta."

"Uwata, idona ne ba ya gani sosai."

Mutumin da ke hango saiwar gamba a ƙarƙashin ƙasa ke nan. Na ɗauka taurin kai ne irin nasa, na bar shi.

Bayan sadakar uku, ni da ƙanena muka shiga keke napep ɗin da yake sana'a da shi muka bi gidajen da muka san Baba ya ba iri. Na farko ya kai mu ya nuna mana gonarsa, gidan mai ne yanzu, tireloli na shan dizal a inda rumbunsa yake. Na biyu ya ce shi tuni ya koma irin kanti mai saurin nuna, yaransa ba sa iya ƙaiƙayin gargasa. Wata tsohuwa ta ce nasu ya mutu a shekarun da ba a iya zuwa gona, ɓera ya ci rabi, su suka ci rabi. Wani ya rantse yana da shi, ya shiga ya fito da wani gero mai santsi kamar kan jariri. Kowa na yi mana ta'aziyya, kowa na yabon Baba, babu mai zangarniya ko ɗaya. Iska ta fara kawo ƙamshin ruwa daga nesa, maƙwabta suna gyara sungumi. Na dawo na zauna gaban Inna na ce mata ya ƙare, mun binne na biyun.

Ta ce, "Ku je wurin Baffanku."

"Wanda ya kira shi ɓarawo ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

"Shi."

Na je ne don kada in saɓa wa mai takaba. Ni da ƙanena muka same shi a ɗakinsa na jinka, shi kaɗai, a kan buzu. Baffa har yau Hausarsa ba ta san "ke" ba, kowa "kai" ne a wurinsa. Na gaishe shi a daƙile. Ya ɗago ido ya dube ni.

"Kai ne uwarsa. Zauna. Na san abin da ya kawo ka."

"Wa ya gaya maka, Baffa?"

"Bakina. An miƙo min gumba ranar uku, na sa a baki, na san abin da kuka yi." Ya murza carbi. "Sau biyu ke nan ina cin irin nan."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. A jikin azara akwai tabarma a naɗe, toka na zubowa daga bakinta. Ƙanena ya hau turmi ya sauko da ita, ya kwance. Gargasa ce, zangarniya dogaye, gashinsu a tsaye, an zaɓe su ɗaya ɗaya yadda Baba ke yi. Na durƙusa kusa da su.

"Daga kunyar nan ne," in ji Baffa. "Shekarar farko na ce raini ne. Da na girbe na ga abin da ya shuka, na ga kuma mafi kyawun irinsa ya zuba a wurin, sai na gane. Daga ita nake cire iri in shuka gonata duka."

Na ce, "To me ya hana shi yin kaffara ya kawo maka a hannu? Ciyar da miskinai goma ai bai fi ƙarfinsa ba."

"Da na watsa masa a fuska. Yarinyata tana cikin ƙasa, in karɓi sadaka daga bakin da ya ce na cinye ta? Ya san ni. Amma abin da dattawa suka ƙwato min a shari'a, wannan haƙƙina ne, ina ɗauka kaina a sama. Shi ya sa nake ihu. In na yi shiru ya zama kyauta." Ya share baki da bayan hannu. "Kunya ɗaya yake sata, ya rufe min tawa kunyar. Ya rufe tasa kuma."

"Ku biyun kun sani, duk shekarun nan?"

"Mu uku. Uwarka ce ke zaɓa masa zangarniyar."

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, amma ranar nan a rumfa..."

"Me kake so in ce? Sunan da nake kiransa da shi ke nan. Na faɗa ko zai amsa."

Ba zan ce wannan ya wanke Baba ba. Kalma ɗaya ta ban haƙuri da ta fi wannan doguwar hanya sauƙi, ya gwammace ya rasa kujera da suna a kan ya furta ta. Tsofaffi biyu da suka sha nono a gida ɗaya sun ƙare rayuwa ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba, wannan asara ce, babu wani suna da zan ba ta. Na yi kuka a ɗakin nan, rabi don tausayi, rabi don haushinsu su duka biyun.

Da za mu tafi Baffa ya ce mu kwashe duka, ya rage kaɗan kawai na bana. 'Ya'yansa sun riga sun sayar da gonar, an yanka ta fuloti, da an girbe za a kawo bulo. "Daga baɗi ba ni da inda zan zuba. Ku ne kawai. In kuka ci, shi ke nan."

Ruwan shuka ya sauka a makon. Da gari ya waye muka fita mu uku. Ƙanena na sara da sungumin Baba, yana yi kamar mai kashe maciji, don hannunsa ya fi sabawa da kan keke. Matarsa ta ce ita za ta zuba irin, ba wanda ya hana ta. Tana tafe tana ƙirga ƙwayoyin a tafin hannu kamar za su gudu, ni ina biye ina rufewa da diddige. A ɗaya gefen, Baffa na zaune a gindin aduwa, jikokinsa sun gama tasu shukar sun tafi. An riga an kafa duwatsun siminti a kusurwoyin gonarsa.

Rana ta ɗaga muka iso kunyar ƙarshe, inda gamba ta fara tsiro. Ƙanena ya tsaya, ya dube ni. Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, ya kai sara a cikin gonar Baffa.

Tsohon ya dafa itacen ya miƙe. Ya tako da sauri irin wanda ban zaci yana da shi ba, ya ɗaga sandarsa sama yadda ya saba yi kowace damina, ya buɗe baki.

"Ɓara..."

Sauran kalmar ba ta fito ba. Ya tsaya da sanda a sama, yana kallon sungumin da ke hannun ƙanena. Sannan ya sauke ta a hankali, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Mu kuma muka bi kunyar muka shuke ta har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya haɗa shi da wancan yaron da ya kasa kiran sunansa. Kunyar nan ɗaya kuma, ranar da za a yi awo, Allah ya auna masa ita da babban mudu.